Ƙaramin Kabari a Bakin Tafki

A shekarar dubu biyu da goma na koma gidanmu goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mace a haihuwar fari. Aure ya kai ni Gummi, gidanmu kuwa yana wani ƙauye ne a ƙasar Anka, inda mota ba ta cika shiga ba, sai dai a sauka a Anka a hau kabu-kabu. Tun kafin mu iso gari na fara jin ƙarar injuna. Na ɗauka hatsi ake niƙa, har na ce wa mai babur ashe bana an yi albarka. Ya yi dariya ya ce dutse ne, an sami zinariya a dajin da ke kudu da mu.

A bayan garinmu akwai tafki. Ba wani babba ba ne, mai ƙarfin murya zai iya kiran wanda ke wancan ƙetaren, amma tun tasowata ban taɓa ganin ya ƙafe ba. Itatuwan giyayya sun kewaye shi, a ƙarƙashinsu iwa ta yi duhu, wannan doguwar ciyawar da ake saƙa asabari da ita, gaba kaɗan kuma bado ya shimfiɗu a kan ruwa. Da wannan tafki Inna ta rene mu bayan rasuwar Baba. Tana yankan iwa ta saƙa asabari ta aika kasuwar Anka, in hatsi ya yi ƙasa ta shiga ruwa har ƙugu ta tsinko 'ya'yan bado, ta shanya, ta surfa, ta yi mana tuwo. Tsuntsayen kirinjijiya na yin ƙwai a cikin iwar, Inna ta hana mu taɓawa. A gefen gabas inda yashi yake, nan Fulanin rugar da ke maƙwabtaka da mu suke shayar da shanu, kuma nan Inna ta ƙulla ƙawance da wata tsohuwa mai tallar nono, wadda muke kira Goggo.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, ni da Yayana. Shi ya koya mini iyo, yana tallabe da haɓata yana cewa kada in ji tsoro. Manomi ne mai sanyin hali, wanda in ya kama tarwaɗa mai ƙwai yakan mayar da ita ruwa. Mutumin da na tarar a wannan zuwan yana da sabon babur da injin niƙa a tsakar gida, kuma ba ya zama ya gama cin tuwo.

Matarsa na dakan dutse a turmin da ake dakan fura, kafin a zuba a inji. Ƙurar ta kwanta a kan komai, fara-fara mai ɗan ƙyalli: a murfin randa, a tabarma, a gashin yara. 'Ya'yansu biyu ne, duka mata. Babbar ta kai shekara huɗu, mai surutu kamar aku, ita ta fara tambayata me na haɗiye cikina ya yi girma haka. Ƙaramar tana rarrafe, duk abin da hannunta ya kai sai baki.

Kwana kaɗan da zuwana Inna ta ce tafiya na sauƙaƙa naƙuda, in taso mu taka zuwa tafki da sanyin safiya. Da muka fito bayan gari sai na tsaya, don na hango ruwan tun daga nesa, abin da ba ya yiwuwa a da saboda duhun itatuwa. Giyayyun sun zama kututture. Wasu an yi rumfuna da su, wasu sun tafi murhun masu sayar da abinci ga baƙin da suka cika wurin. An cinna wa iwa wuta don a sami fili, sai wani ɗan yanki da ya tsira a kusurwar yamma. A jere a bakin ruwa an jingine dogayen katakai, an shimfiɗa musu tsofaffin darduma, ana zuba garin dutse ana kwara ruwa. Zinariya na maƙalewa a darduma, lakar kuma na gangarawa ta koma tafki. Ruwan gefe ya koma kamar ruwan toka. Inda bado yake a da, ledoji ne ke yawo da baƙin mai. Wasu samari na zaune suna murza zaiba a tasa da tafin hannunsu, kusa da inda mata ke ɗibar ruwan girki.

Katakon Yaya yana daidai inda Inna ta saba yankan iwa. Muka tarar da shi yana kwara ruwa, ta tsaya a kansa.

"Nan hwa nike yanka," in ji ta.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Inna, tun rasuwar Baba kike saƙa asabari, mi ya tsinana muna? Ki bari in yi maki ruhin kwano."

"Ban roƙe ka kwano ba."

"To ki ja gehe, laka za ta ɓata maki zane."

Ban taɓa jin ya yi mata magana da wannan murya ba. Muka juyo gida.

Agwagin Inna ne suka fara. Sun saba wuni a tafki su dawo da magariba a jere. Sai suka soma dawowa suna tangaɗi, wuyansu na murɗewa baya, kafin gari ya waye wasu sun sanƙare. Inna ta ce a haƙa rami a binne har da waɗanda suka rage, don naman da ba a san abin da ya kama shi ba ba ya shiga tukunyarta. Yaya ya ce asara ce. Ya yanka masu sauran numfashi, ya figa, ya kai wa masu tuwon sayarwa a bakin tafki, baƙi suka cinye.

Sai abin ya shigo kan yara. Ƙaramar 'yar Yaya ta daina rarrafe, ta kama amai, ta riƙa wani irin kuka siriri da ba ya tsayawa. Bayan nan jijjiga ta zo. Jikinta ya sanƙare, idanunta suka kafe a sama, uwarta na riƙe da ita tana kiran sunan Allah. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka shafa mata duk abin da aka ce a shafa. Ba gidanmu kaɗai ba ne. Kusan kullum sai ka ji koke-koke daga wata unguwa, ka hango maza sun wuce da ɗan abu a naɗe a tabarma, mutum ɗaya ya isa ya ɗauka. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce aljanun tafki ne aka sare wa gidaje suka huce a kan yara. Ba wanda ya dubi turmi.

Da hantsi ƙaramar 'yar Yaya ta cika, a kan cinyar uwarta.

A lokacin labari ya riga ya iso cewa ma'aikatan lafiya na zagaya ƙauyukan Anka da na Bukkuyum, kuma in sun shiga gari makabarta suke fara dubawa, su ga yawan ƙananan kaburbura sababbi. Ana cewa duk garin da aka samu da yawa, hukuma za ta hana aikin dutse. Mazan garinmu suka zauna a ƙofar masallaci suka yanke shawararsu. Mu mata ba a gaya mana ba, a aikace muka gani.

Inna ce ta wanke yarinyar ta suturta ta. Yaya ya fita da ita, maza ƙalilan suka yi mata salla a zaure. Daga ƙofar gida na leƙa, na ga bai nufi makabarta ba, bayan gari ya yi. A cikin ɗan yankin iwar nan da ya tsira daga wuta ya binne ta. Ƙasar wurin na da damshi, ba a yin nisa da haƙa ruwa ke tsattsafowa, don haka ramin bai yi zurfi ba. Ya baje ƙasar daidai da sauran, bai sa ko tsinke ba.

Ya dawo da laka a ƙafafunsa, ya tsaya a ƙofar ɗakin matarsa. Ina ciki tare da ita.

Ya ce, "In baƙi sunka zo sunka tambaya, ɗiya guda gare mu."

Ta ɗago ta dube shi. "To ita wadda na shayar da sahe hwa?"

"Wanda ya ba mu ya karɓi abinai. Kuka bai maido ta. In kika buɗe baki, abincin garin ga duka kika zubar, kuma ba ni iya tare maki mutane."

Ya hana zaman makoki. Da la'asar ya tayar da inji.

Baƙin sun zo bayan 'yan kwanaki, har da wata mace mai farin hijabi da ke shiga gidaje. Ta zauna a tabarmarmu ta gaishe mu a natse, ta tambayi matar Yaya yara nawa gare ta. Yaya na tsaye a bakin zaure yana ji. Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "Guda." Gaban rigarta kuwa ya jiƙe sharkaf da nonon da ba mai sha. Mai hijabin ta dubi rigar, ta dubi tsakar gida, ba ta ga jariri ba.

Sai Inna ta fito daga ɗakinta riƙe da hannun babbar yarinyar. Kwana biyu ke nan yarinyar ita ma ta fara amai, tana tafiya tana karo da bango, surutun nan duk ya ɗauke.

Inna ta ce, "Ku duba mani wagga. Ƙanwarta ta rasu da irin ciwon ga, tana can bakin tabki cikin iwa. Biyu na gare su."

A ranar aka tafi da yarinyar asibiti a Anka, ita da uwarta. A nan muka fara jin sunan abin: gubar dalma ce da ke cikin dutsen, ƙurarta yara ke haɗiya, kuma ita ke cikin lakar da ake zubawa a tafki.

Garin bai yafe wa Inna ba. Matan da ta yi wa unguwarzoma suka daina amsa gaisuwarta a hanya. Aka riƙa cewa tsohuwa ta tona asirin gari don baƙin cikin arzikin ɗanta. Yaya ya raba tukunya da ita, ya sa kwaɗo a rumbu, ya riƙa wuce ƙofar ɗakinta da safe ba ko ina kwana. Cikin wannan hali na haihu, namiji. Ranar suna tsakar gidanmu fayau, sai dangin mai gidana da suka zo daga Gummi suna ta duban juna.

Wankan jego na son ruwa da itace mai yawa, Inna kuwa ta rantse ruwan tafki ba zai taɓa jikina ko na jariri ba. Ba wanda zai ɗebo mana na wani wuri. Goggo ce ta ji labari a wurin tallar nono. Kullum da sassafe sai ga ta da jaki ɗauke da jarkoki daga rijiyar rugarsu, da ɗaurin itace a kanta, tsohuwa mai fama da gwiwa. In Inna ta fara godiya sai ta ce, "Bari, bari, ai ɗiyata ta," ta zauna ta karɓi jaririn tana yi masa wasa da Fulatanci. Ban cika arba'in ba mai gidana ya zo ya ce ya ji abin da ake faɗa a rediyo, ba zai bar ɗansa a cikin wannan ƙura ba. Na roƙi Inna ta biyo mu. Ta ce wa zai karɓi 'yar Yaya in an sallamo ta daga asibiti.

Sauran abin da ya faru, wani na gani a zuwan da nake yi jefi-jefi, wani Inna ta ba ni labari.

An zo an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, aka kafa doka cewa kada a sake shigo da dutse cikin gari. Mutane suka bi, mutuwar yara ta ragu. Amma aikin bai tsaya ba, wuri ya sauya. Duk injunan da ke cikin gidaje suka koma bakin tafki, daka da niƙa da wanki duka a can. Da wurin ya yi kaɗan sai aka cinna wa ragowar iwar wuta.

Yarinyar ta dawo daga Anka da ranta, amma ba ita ce ta tafi ba. Magana ta tafi gaba ɗaya. Tana gani, tana tafiya, sai dai ba ta riƙe cokali, kuma in jijjiga ta taso mata sai an danne ta kada ta faɗa wuta.

Wata safiya matar Yaya ta je bakin tafki kai masa abinci, ta tarar an girke injin jan ruwa a kusurwar yamma, daidai inda take kyautata zaton 'yarta na kwance. Baƙin mai na ɗiga a ƙasa, maza na taka wurin da takalman roba. Ta ajiye kwanon ta roƙe shi, a gaban mutane, ya matsar da injin ko da taku kaɗan ne.

Ya dubi wurin ya ce, "Ni ban tuna daidai inda ta ke ba. Ko nan, ko can. Ƙasa duk ɗaya ta."

Ta koma gida ta ɗaure kayanta a zane. Ta durƙusa gaban Inna ta ce ta yafe mata, ba za ta iya kwana ɗaki ɗaya da shi ba, kuma gidan ubanta a ƙasar Bukkuyum ba za su karɓe ta da yarinya mai lalura ba. Inna ta ce ta tafi, Allah ya ba ta wani rabon. Ba ta sake taka garin ba. Yarinyar ta zauna a hannun Inna, ita ke ba ta abinci a baki, ita ke wanke ta.

Fulani ma ba su daɗe ba. Ramukan da aka haƙa sun cinye burtalin da shanu ke bi zuwa ruwa, wata saniya ta faɗa ta karye. Waɗanda suka isa ruwan suka sha, sai ɓari ya yawaita a garke, maruƙa na faɗuwa suna shure-shure kamar yadda agwagi suka yi. Ɗan Goggo ya je bakin tafki ya ce a bar musu gefen yashi kawai, a daina zuba laka a nan. Masu wanki suka ce ai shanunsa ne ke dama musu ruwa. Magana ta yi zafi, suka taru a kansa da ƙotar shebur har sai da ya daina motsi, aka ɗauke shi a kan jaki. Ya rayu, amma hannunsa na dama bai sake ɗaga sanda ba. Inna ta tambayi Yaya ko da shi a ciki. Ya ce mutane da yawa ne a wurin.

Kafin su tashi Goggo ta zo sallama. Ta ajiye wa Inna ƙwaryar man shanu, ta shafa kan yarinyar, suka zauna a inuwa. Da za ta tafi Inna ta ce, "Ki yahe muna." Goggo ta ce, "Ke ba ki yi mani komi ba." Ba ta ce ta yafe wa sauran ba, Inna kuma ba ta matsa ba.

Inna ta rasu bayan wasu shekaru, a tsakiyar bazara. Na je da 'ya'yana muka yi kwana bakwai. Kafin in juyo na taka zuwa bayan gari ni kaɗai. Lakar da aka yi shekaru ana zubawa ta cike cikin tafkin, ya zama faranti, ruwan damina na shiga ya bushe kafin hunturu ya wuce. Ranar na taka tsakiyarsa da takalmina. Ƙasar ta tsattsage, toka-toka, ba ko ciyawa. Sauran ruwan da ya rage yana cikin ramuka ne, kore shar, sauro na tashi a kai. Ban ji kukan tsuntsu ko ɗaya ba. Baƙi sun watse, don in ba ruwa ba wanki, sun bar tsummokaran darduma da ƙarafan inji. A can gefe wasu magina na kwaɓa wannan laka suna buga tubali. Na ce musu ai irin ƙasar nan ce aka kankare daga gidaje aka ce guba ce. Ɗayansu ya ce ta fi kowace ƙasa kama jiki, kuma kyauta ce, ɗakin amarya za a gina da ita.

Na ce wa Yaya zan tafi da yarinyar Gummi. Na shirya jin gardama, sai ya ce to, kamar na ce zan ɗauki tsohuwar tabarma. Ya rame, haƙoransa sun yi baƙi a gindi, hannunsa na rawa har shayi na zuba in ya ɗaga kofi. Rufin kwanon da ya yi alkawari yana kan ɗakinsa, na Inna kuwa da ciyawarsa ta mutu a ciki.

Yarinyar na wurina har yau. Ta zama budurwa a jiki, ina ɗaura mata zane, ina yi mata kitso, yarana na kiranta Yaya ko da ba ta amsawa. Ubanta ya zo ganinmu sau ɗaya, a kan hanyarsa ta wucewa, da inji ɗaure a bayan babur. Ta dube shi kamar yadda take duban kowane baƙo, ta koma wasa da murfin kwano. Ya ci tuwo ya sha ruwa, ya ce duk abin da ya faru rubutacce ne. Na tambaye shi ina ya nufa da inji.

Fuskarsa ta saki, karo na farko tun shigowarsa. Ya ce an ba shi labarin wani tafki a can cikin ƙasar Bukkuyum, kusa da inda aka sami sabon dutse.

"Ruwa gare shi rani da damina," in ji shi. "Itace ko'ina, har ba ka hango ruwan sai ka iso. Ba wanda ya taɓa shi tukuna. Ina son in riga mutane kama wuri."

Ya wanke hannu, ya yi mini sai wata rana, ya tayar da babur.